Wai kilematis za ta yi a Gombe kuwa?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum masu son shuka. Don Allah ina da tambaya. Ƙanwar maigidana da ke karatu a Ingila ta turo mini hoton wata fulawa mai hawa bango, wai kilematis ake ce mata. Furen shunayya ne, faɗinsa ya kusa tafin hannu, ya lulluɓe ƙofar gidan da take haya. Ni kuwa ina da rumfar ƙarfe a tsakar gida nan Federal Low Cost, rana na gasa mu tun hantsi har la'asar, na daɗe ina neman abin da zai hau ta. Na ga masu tallar irin a intanet. Kafin in tura kuɗina, akwai wanda ya taɓa shuka ta a Gombe ta yi? In ta yi, yaya ake kula da ita?

Abu_Sadiq_Tumfure:
Wa alaikumus salam. Hajiya riƙe kuɗinki. Masu tallar nan hoto suke sayarwa. Maƙwabcina ya sayi irin wata fulawa a wajensu, abin da ya tsiro ko sunansa ba mu sani ba.

Baban_Khalifa:
Fulawar Ingila a zafin Gombe? Allah ya ba da sa'a. Mu da muka tashi a nan ma da ƙyar muke ganin bayan watan Afrilu.

Lambu_DadinKowa:
Hajiya barka da ƙoƙari. Na yi karatu a Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, bari in faɗi abin da na sani.

Kilematis ba shuka ɗaya ba ce, dangi ne mai nau'i sama da 300, sun bazu a Asiya da Turai da Amurka har da nan Afirka. Wadda aka turo miki, in furen shunayya ne mai faɗi haka, ina kyautata zaton Jackmanii ce ko wata 'yar uwarta. Wani mai lambu George Jackman ne ya haɗa auren nau'o'i ya samar da ita a garin Woking na Ingila a 1858. To kin ga tun asali don yanayinsu aka yi ta. A can idan sanyi ya shigo takan zubar da ganye ta kwanta barci na watanni, saiwarta na cikin ƙasa mai sanyi ƙwarai, sai yanayi ya fara ɗumi ta farka da ƙarfi ta yi toho ta zuba fure. Wannan hutun shi ne abin da Gombe ba ta da shi. Hunturunmu da dare yakan sauka wajen digiri 14 ko 15, da rana ya koma sama da 30. Ba ta samu sanyin da za ta yi barci ba, ga iska busasshiya, sannan Maris da Afrilu su zo da digiri 40. Za ta iya rayuwa ta yi ganye na wani lokaci, amma tana ramewa a hankali.

Batun iri kuma Abu_Sadiq ya yi gaskiya, kuma ko da mai sayarwar mai amana ne. Waɗannan masu manyan furen haɗi ne, irinsu ba ya fitar da uwar sak. Ga jinkirin tsiro, wani sai ya shekara a ƙasa ko fiye. Da yankan reshe ake yaɗa su, ko a kwantar da reshe a ƙasa ya yi saiwa.

Maman_Hanifa:
Ikon Allah. Malam na gode. Ke nan ko ƙanwar tamu ta taho mini da dashe a jaka ba amfani?

Lambu_DadinKowa:
Shigo da shuka mai rai daga waje sai da izinin hukumar NAQS mai killace tsirrai da dabbobi, ba a sako ta a jaka haka kawai. Dalilin shi ne cuta da ƙwari da kan biyo ƙasar da ke jikin saiwa.

Ummu_Jos:
Ni dai ban yarda a ce sam ba za ta yi ba. 'Yar Bauchi ce ni, aure ya kawo ni Jos, kuma ina da ita a bayan ɗakin girki. Wajen wata tsohuwa mai sayar da fulawa na samu dashen. Tawa fara-fara ce da ratsin ruwan hoda a tsakiyar kowane kunnen fure. Ba ta cika bango kamar na hotunan Turai ba, amma tana yi mini fure, duk wanda ya shigo sai ya tambaya.

Abin da na lura: kanta na son haske, gindinta na son inuwa da laima. Na dasa ta inda ranar safe kaɗai ke samunta. Kuma ba ta naɗe sanda da jikinta kamar wake ko doya. Wutsiyar ganyen ce ke kamawa. Za ki ga siririn karan da ke riƙe da ganye ya lanƙwashe ya zagaye waya sau ɗaya ko biyu ya ƙulle, bayan kwanaki ya yi tauri, ko kin ja sai dai ya tsinke. Don haka in abin hawan ya fi fensir kauri ba ta iya kama shi. Ragar waya irin ta kejin kaji na ɗaura mata.

Abu_Sadiq_Tumfure:
Ummu_Jos, Jos ai ba Gombe ba ce. Ku kuna kan tudu mita 1,200 sama da teku, kuna noma dankalin Turawa da su sitiroberi. Mu nan kwari muke. Abin da ya yi a Rayfield ba lallai ya yi a Bolari ba.

Ummu_Jos:
Ban musa ba Malam. Cewa na yi kada a rufe ƙofa gaba ɗaya.

Lambu_DadinKowa:
Ummu_Jos, yadda kika siffanta taki ta yi kama da Nelly Moser, wadda aka fitar a Faransa a 1897. Kin yi daidai da kika ɓoye ta daga ranar yamma, don ita launinta kan koɗe a rana mai zafi ko a Turai. Kuma bayaninki na wutsiyar ganye ya shafi Maman_Hanifa kai tsaye: rumfarta ta ƙarfe ce, bututun ya yi kauri, kuma ƙarfen da ya sha ranar azahar yana ƙona ɗanyen toho. Ko wace shuka za ta sa, ta ɗaura igiya ko siririyar waya daga ƙasa zuwa sama, ɗan nesa da ƙarfen.

Zee_Bauchi:
Na karanta cewa ana jera faffaɗan duwatsu a gindinta don saiwa ta yi sanyi. Ko hakan zai taimaka?

Hamma_Bello_Kaltungo:
Duwatsu a tsakar gida inda yara ke wasa? Zee, ki zo Kaltungo ki ga asibitin masu saran maciji tukuna. Kububuwa ba abin da take so irin ƙarƙashin dutse mai laima. Kunama ma haka. Wannan shawarar ta mutanen da ba su da su ce.

Goggo_Asabe:
Ni dama duk wani abu mai yaɗo ba na son sa a gida. Maciji yake kawowa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ko duma bai yarda a shuka kusa da ɗaki ba.

Hamma_Bello_Kaltungo:
Amin Goggo. Amma kububuwa 'yar ƙasa ce, ba ta cika hawa sama ba. Abin da ke jawo maciji gida ɓera ne da tarin shirgi da itace da bulo da aka jibge. In gindin shukar a share yake, ana gani har ƙasa, da sauƙi.

Lambu_DadinKowa:
Ban da maganar maciji ma, dutse a ranarmu zafi yake sha ya riƙe har dare, sai ya dafa saiwar da ake son sanyayawa. Abin da ya fi shi ne busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, kaurin yatsu uku zuwa huɗu, amma kada ya taɓa karan shukar.

Adda_Jummai_Pantami:
Sai gara ta zo ta ce salamu alaikum. Malam Lambu, ɓawon gyaɗar nan na zuba wa lemona, da na ɗaga bayan ɗan lokaci ƙarƙashin duk gara ce ta yi hanyoyi. Yanzu busasshen ganyen dogonyaro nake zubawa in barbaɗa toka kaɗan a kewaye. Ban ce maganin gara ba ne ɗari bisa ɗari, amma na ga sauƙi.

Ni tambayata ma daban ce. Duk wannan shukar mai son laima, da wane ruwan? Mu a Pantami famfo sai ya ga dama, rani na yi sai kura da jarka. In sayi ruwan sha, in sayi na wanki, in sayi na fulawa? Maigida zai ce na samu taɓi.

Baban_Khalifa:
Adda kin faɗi gaskiyar da kowa ke kauce wa. Ga dam a Dadin Kowa, ga mu da jarka.

Injiniya_Shongo:
Adda_Jummai, akwai dabara. Ki samu tulu ko ƙaramar randa ta ƙasa wadda ba a shafe ta da siminti ko fenti ba, ki binne ta har wuya kusa da gindin shukar, tazarar taƙi ɗaya. Ki cika ta da ruwa ki rufe bakin da murfi saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta jikin tulun kaɗan-kaɗan, ƙasa na bushewa tana ja, in ta jiƙe ta daina. Da na tono nawa don in canza masa wuri, sai na tarar saiwoyi farare sirara sun naɗe cikin tulun kamar gammo. Ruwan da za ki watsa a sama rana ta shanye rabinsa, a nan yana tafiya inda ake bukata, kuma ƙasar wurin ta fi sanyi. Ni ruwan alwala nake tarawa a bokiti, da na wankin shinkafa. Na wanki mai omo da bilic kam kada a kusanto da shi.

Adda_Jummai_Pantami:
Ruwan alwala kam muna da shi, gidan mutum goma sha. Allah ya saka da alheri Injiniya.

Admin_Lambunmu:
Jama'a a dawo kan tambayar Hajiya. Maganar ruwan famfo in an buɗe ta ba za mu tashi ba yau.

Dan_Tula:
Ni abin da Malam Lambu ya ce ne ya tsaya mini, wai akwai ta a Afirka. A kan tudunmu na Tula, in damina ta ja baya, akwai wani yaɗo da ke hawa kan ƙananan itatuwa a bakin rafi, furensa ƙanana farare masu ƙamshi, in ya bushe sai ya zama wani gashi-gashi fari mai laushi, iska na ɗauka. Ko shi ne?

Lambu_DadinKowa:
Dan_Tula, siffar ta yi kama sosai. Akwai Clematis hirsuta da ke fitowa da kanta a dazukan Afirka har da Najeriya, musamman wurare masu tudu. Kowane ƙwayar iri na da doguwar jela mai gashi, shi ya sa kake ganin farin nan. Ka ɗauko mana hoton ganye da fure kusa-kusa. In ita ce, to ita ce kilematis ɗin da ta san rani da damina, kuma ita ya kamata mu gwada a gidajenmu. Sai dai furenta bai fi girman kwabo ba, ba shunayya ba ne, Hajiya ba za ta ga abin da ta gani a hoto ba.

Maman_Hanifa:
Gaskiya ni launin ne ya tafi da ni. Amma inuwar ce bukata ta farko.

Malama_Rabi_GRA:
To in launi ne da inuwa, me ya kai ki Ingila? Ga Thunbergia grandiflora, asalinta Indiya, furenta shuɗi mai ɗan shunayya, faɗinsa ya kusa na taki, tana son zafi, tana rufe rumfa ruf. Akwai ta wajen masu sayar da fulawa a Jos da Abuja, wani lokaci har nan. Aibinta ƙarfi: in ta samu ruwa sai kin riƙa binta da almakashi, in ba haka ba ta haye rufin maƙwabta. Akwai kuma Petrea, furenta shunayya zara-zara suna reto, ganyenta kaushi kamar sanfefa, ita tana da jinkirin girma.

Ni a gidana Rangoon creeper ce a ƙofar shiga. Furen kan buɗe fari da yamma, washegari ya koma ruwan hoda, daga baya ya zama ja, sai ki ga kala uku a reshe guda. Bayan magariba ƙamshinta har titi.

Abu_Sadiq_Tumfure:
Duk a bar wahalar nan a sa boganbiliya. Ba ruwanta da rani, ƙishirwa ma ke sa ta fure. In ka cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye.

Malama_Rabi_GRA:
Boganbiliya a rumfar da yara ke zama ƙarƙashi? Ƙayarta fa? Ga shara kullum. A katanga ta waje dai na yarda.

Goggo_Asabe:
Ku dai 'yan boko da fulawa. In dole sai an sa mai yaɗo, a sa abin da za a ci ko a mora. Soso yana rufe rumfa cikin damina ɗaya, furensa rawaya, ka samu abin wanka da wanke-wanke. Inabi ma na ga yana yi a gidaje a Bauchi. Fulawar da ba a ci ba a sha, ga sayen ruwa.

Zee_Bauchi:
Goggo ai ido ma yana da haƙƙi. Kuma ba ke kika ce yaɗo na kawo maciji ba?

Goggo_Asabe:
Na ce, kuma ban janye ba. Cewa na yi in dole.

Likitan_Dabbobi_Kumo:
Tunda an zo maganar ci, a kula. Kilematis duk danginta suna da guba. Ruwan jikinta na sa ƙaiƙayi, wani har ya yi bororo a fata, in dabba ta tauna bakinta kan yi ciwo ta yi ta dalala, wani lokaci da zawo. Ɗacinta da zafinta kan sa dabba ta bari da wuri, amma akuyar da ke ɗaure tana jin yunwa ba ta da zaɓi. Mai tumaki ko ragon layya a tsakar gida ya yi la'akari. Haka Allamanda mai rawayan fure da ake yawan sawa a gidaje, ita ma farin ruwanta guba ne. Ummu_Jos, in za ki datse taki ki sa safar hannu.

Wadda zan ba Hajiya shawara ita ce Clitoria ternatea, dangin wake ce mai fure shuɗi tsantsa. Tana jure zafi, irinta na tsirowa cikin sauƙi in an jiƙa shi kwana ɗaya, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar sauran dangin wake, ganyenta kuma abincin dabbobi ne mai kyau. A ƙasashen Asiya irin su Tailan da Malesiya da furen suke shayi da rina shinkafa. In kin matsa lemon tsami a shayin sai ya juye daga shuɗi ya koma shunayya. Inuwarta dai ba ta kai ta Thunbergia kauri ba.

Baban_Khalifa:
Shayi shuɗi? Likita ka kai wa mai shayin Jekadafari ka ga yadda za a watse a bar masa tebur.

Sani_Mai_Gwaji:
Ni ina bayan Ummu_Jos. Kowa na cewa ba za ta yi ba, amma wa ya gwada a Gombe ya zo ya ba mu labari? Babu. Ba duka nau'o'in kilematis ne 'yan sanyi sosai ba. Nau'in viticella asalinta kudancin Turai ne inda bazara ke da zafi, texensis kuma daga Texas ta Amurka take, an san su da jure zafi fiye da masu manyan fure. Da ni ne, zan sa a babbar tukunyar ƙasa, ba baƙar roba ba, in ajiye a gabashin ɗaki inda rana ke barinta kafin azahar, in zafin Maris ya zo in ja ta ƙarƙashin inuwa. Ƙasar kuma jigawa da ruɓaɓɓen takin shanu, yadda ruwa zai wuce, don laka mai riƙe ruwa ruɓar da saiwa take a watan Agusta.

Lambu_DadinKowa:
Sani, zaɓinka na nau'i daidai ne, amma a lura: Texas da Italiya suna da zafi, suna kuma da lokacin sanyi na gaske. Jure zafin wata uku daban, rashin hutu shekara bayan shekara daban. Duk da haka ban hana gwaji ba, in dai mutum ya san gwaji yake.

Wanda zai gwada ya riƙe abu biyu. Na farko, masu manyan fure ana dasa su da ɗan zurfi, a binne karan kamar santimita 5 zuwa 8 fiye da yadda yake a leda. Akwai wata cutar fangas da ke kama su, reshe na cikin ganiyarsa da toho sai a wayi gari ya yi yaushi ya yi baƙi. In haka ta faru a yanke shi har ƙasa a ƙona. Idon da ke binne shi zai sake fitowa. Viticella ba ta cika kamuwa da wannan ba. Na biyu aski. Sun kasu uku: masu fure a tsohon reshe irin montana, ana rage su ne bayan sun gama fure, irin Nelly Moser aski sama-sama, irin Jackmanii da viticella kuma a sabon reshe suke fure, ana datse su har su rage kamar santimita 30 daga ƙasa, a Turai wajen Fabrairu.

Sani_Mai_Gwaji:
To mu nan yaushe ke nan? In na datse a Fabrairu, sabon toho zai fito daidai bakin zafi.

Lambu_DadinKowa:
Nan gizo ke saƙar. Kalandarsu ba ta hau tamu ba. A ra'ayina a rage mata ruwa a hunturu ta ɗan huta, a bar askin sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, toho ya haɗu da ruwan farko.

Ummu_Jos:
Ni kuwa a Janairu nake rage tawa kuma ban ga illa ba. Amma kamar yadda aka tuna mini, Jos ba Gombe ba ce. Sani, akwai reshen da na kwantar a ƙasa na danne da ƙugiyar waya, in ya yi saiwa zan raba shi da uwar in aiko maka a motar Gombe. Kai ka gwada mana, kowa ya huta da gardama.

Sani_Mai_Gwaji:
Na karɓa hannu biyu Hajiya. Sai dai taki ba viticella ba ce, in ta mutu kada Abu_Sadiq ya ce ya ci gari.

Abu_Sadiq_Tumfure:
Zan faɗa kuwa.

Maman_Hanifa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Irin intanet dai na fasa. Ina tsakanin Thunbergia da waken Likita, maigida kuma da na karanta masa ya ce shi soson Goggo ya fi kwanta masa. Malama_Rabi, ita Thunbergia ɗin tana zubar da ganye da rani? Don in za ta tsiraita rumfar a Maris, lokacin da nake neman inuwar ke nan.

Malama_Rabi_GRA:
In tana samun ruwa ba ta zubarwa duka, takan dai yi shara-shara da hunturu. Soso kuwa ki gaya wa Alhaji yana bushewa ƙurmus da an ɗauke ruwa.

Goggo_Asabe:
Ya bushe ɗin, ai busasshen ma inuwa ne. A bar shi a kai har damina.

Injiniya_Shongo:
Busasshen yaɗo a kan rumfa kusa da murhu, Goggo? Dan_Tula, muna jiran hoton nan, in ita ce ni ma ina son iri.